Akori-Kurar Baba da Tarihin Sandar Sitiyari

Shimfiɗa

 Yau hirar tamu ta ƙarfe ce da baƙin mai, don haka sai a gyara zama. A bayan gidanmu, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, akwai wata tsohuwar akori-kura ƙirar Peugeot 404, wadda mu a nan muke kira Fijo, da ta shekara 11 cur a kafe tun bayan rasuwar mahaifinmu a 2011, Allah ya jiƙansa. Kaji sun mayar da bayanta akurki, yara sun mayar da gabanta wurin wasan direba da kwandasta. A 2022 sai 'yan gwangwan suka zo suka yi mata kuɗi, za su yanka ta su auna a sikeli. A nan ne gida ya rabu biyu.

Ƙannena suka ce a sayar a raba abin da aka samu. Ni na ce a bar mini ita a cikin rabona, zan tashe ta don ɗana ya riƙa kwaso amfanin gona da ita. Yayanmu ya yarda, amma da sharaɗi guda. Ya ce, "Ka tashe ta yadda Baba ya bar ta. Idan ka canza mata ko da noti ɗaya, to ba motar Baba ba ce kuma." Na ce masa, "Yaya, komai zan bari, amma ban da sitiyarin nan. Ba zan zaunar da ɗana a bayansa ba." Dalilin wannan magana tawa shi ne abin da nake son in warware wa mai karatu, kuma ba zai warwaru ba sai mun ɗan koma baya.

Daga mariƙin garma zuwa gammo

Motocin farko ba su da sitiyari irin wanda muka sani. Motar da Karl Benz ya yi wa rajista a Jamus a 1886, da wata sanda ake juya ta, mai kama da mariƙin garma. A 1894 ne wani Bafaranshe mai suna Alfred Vacheron ya shiga tseren motoci daga Faris zuwa Rouen da wata mota ƙirar Panhard wadda ya sanya wa zagayayyen sitiyari kamar gammo. Daga 1898 kamfanin ya mayar da abin ka'ida a motocinsa, sauran maƙera kuma suka bi sahu. Da Henry Ford ya fitar da Model T a Amurka a 1908, sai ya ajiye sitiyarin a ɓangaren hagu, tunda a hannun dama ake tuƙi a can. Daga jikin wannan mota ne kamfanin ya fitar da akori-kura ta farko da ya harhaɗa da kansa a 1925.

Daga nan sandar da ke haɗa gammon da tayoyin gaba ta fara tara 'yan haya. A ƙarshen shekarun 1930 liban giya ya taso daga ƙasa ya maƙale a jikinta, abin da ya ba mutum uku damar zama a kujerar gaba ba tare da an zunguri gwiwar kowa ba. A 1939 kamfanin Buick ya kawo sigina mai ƙyaftawa, direba ya fara hutawa da miƙa hannu ta taga. Wani injiniya mai suna Francis Davis ya nuna sitiyari mai taimakon matsin mai tun 1926, amma sai a 1951 Chrysler ya fara sayar da mota mai irinsa. A 1963 General Motors ya kawo sandar da direba zai iya ɗagawa ko sunkuyar da ita daidai tsayinsa. Duk wannan ci gaba na jin daɗi ne. Ita kanta sandar tana nan yadda take tun farko, wato miƙaƙƙen ƙarfe guda wanda gindinsa ke can gaba kusa da tayoyi, kansa kuma na saitin ƙirjin direba. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Zuwan Fijo da ranar canjin hannu

Peugeot ya fitar da 404 a 1960, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana siffarta. Sai a 1967 aka fitar da akori-kurarta, mai injin fetur sisi 1,618, da giya huɗu a jikin sitiyari, tana ɗaukar kaya kusan tan guda a takarda, a aikace kuwa sai abin da mai ita ya ga dama. Sunan 404 ya yi tashe a Afirka ne saboda juriya, domin ita ta lashe gasar Safari ta gabashin Afirka a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. An daina yin akori-kurar a Faransa a ƙarshen shekarun 1970, amma a Kenya an ci gaba da harhaɗa ta har 1991. Jimillar 404 da aka ƙera a duniya ta haura miliyan 2.8.

Baba ya sayi tasa a 1971 a hannun wani ɗan kasuwa a Kano, sitiyarinta a dama, domin a lokacin Nijeriya a hannun hagu take tuƙi, gadon Turawan Ingila. Hatsi da goro yake ɗauka tsakanin Kano da Katsina, wani lokaci ya zarce ta Jibiya har Maraɗi. Ya sha ba mu labarin yadda idan ya tsallaka iyaka sai ya sauya hannu, ya koma dama, tunda Nijar tsarin Faransa take bi, haka ma Dahome da Chadi da Kamaru. Wato Nijeriya ce kaɗai saniyar ware a tsakanin maƙwabtanta.

Ranar Lahadi 2 ga Afrilu 1972, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, ƙasar baki ɗaya ta koma tuƙi a hannun dama. Saliyo ta riga mu a 1971, Ghana kuma ta biyo baya ranar 4 ga Agusta 1974. Ina ɗan shekara 7 a lokacin, abin da na iya riƙewa shi ne Baba ya ƙi fita da mota har kwana uku, yana cewa bari masu gaggawa su gama karo da juna tukuna. Da ya fara fita sai ya gane inda gizo ke saƙa. Yanzu shi ne a bakin daji, yaron motarsa ne a tsakiyar titi. Duk sanda zai wuce babbar mota sai ya tambayi yaron, "Kai, da hanya?" Rayuwarsa da ta kayan mutane ta koma hannun idon yaro ɗan shekara 15.

A 1974 ya gaji, ya ce a mayar masa da sitiyari hagu. Wannan aiki ba ɗauke-ka-ajiye ba ne. Sai an canza ƙarfen haƙoran da ke tura tayoyi, wanda makanikai ke kira rak, domin na dama ba ya zama na hagu. Sai an matsar da feda uku, da agogon gudu, da liban giya. Da yake motocin Nijar duk na hagu ne, a Maraɗi ya samo kayan, daga jikin wata da ta yi hatsari. Shekara guda bayan haka, a 1975, aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna, kayan hagu suka wadata ko'ina. Baba ya kan yi dariya ya ce da ya san haka da ya ƙara haƙuri. To amma aikin gama ya gama. Sandar da aka samo ta lanƙwashe a wajen gindi, sai bakaniken ya yanke wurin, ya haɗa da guntun tsohuwar, mai walda ya ɗinke su. A haka motar ta yi shekara 37 tana aiki.

Sandar da ta zama mashi

A 1988 Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, shi ke tuƙa motar. Wata rana da yamma kusa da Ɗambatta jaki ya faɗo masa titi, ya kauce, ya daki bakin kwalbati. Ba wani gudu yake yi ba, yaron motar ko ƙwarzane bai yi ba. Amma Kawu ya karya haƙarƙari uku, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai rabu da ciwon ƙirji ba. Mu a lokacin mun ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, sai dai tsautsayin yana da hanyar da ya bi. Gaban mota ya tsaya cak, jikin Kawu bai tsaya ba, ƙarfen da ke gabansa kuma ba a yi shi don ya ja da baya ba.

Abin da ya sami Kawu ya sami dubban direbobi a ƙasashen da aka ƙera motocin. Idan karon ya yi tsanani, gaban mota na lotsawa ya turo sandar ciki kamar mashi, a daidai lokacin da direba ke tahowa gaba. Wani injiniya haifaffen Ostiriya, Béla Barényi, wanda ya kama aiki da Daimler-Benz a 1939, ya daɗe da tunanin sandar da za ta karye ko ta shige cikin kanta maimakon ta soki mutum. Amma masu kamfanoni ba su yi gaggawa ba, domin a ganinsu ado da ƙarfin inji ke sayar da mota. Sai da wani lauya Ba'amurke, Ralph Nader, ya fitar da littafinsa Unsafe at Any Speed a 1965, ya tona yadda ake sakaci da rayukan mutane, sannan majalisar Amurka ta yi dokar kiyaye lafiyar masu mota a 1966. General Motors ya sanya sanda mai lotsawa a motocinsa na 1967, daga 1 ga Janairu 1968 kuma ta zama tilas ga ƙananan motocin fasinja da ake sayarwa a ƙasar.

A lura da kyau, motocin fasinja aka ce. Akori-kura da danginta ba su shiga wannan ka'ida ba sai bayan fiye da shekara 10. Ana ganinta a matsayin jakin aiki, kamar direbanta ba shi da ƙirji. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa a Amurka masu sha'awar tsofaffin akori-kura, irin su Ford F-100 da Chevrolet C10, da wuya su tashi tsohuwar mota ba su taɓa sandar sitiyari da burki ba. Har masana'antu gare su da ba su da sana'a sai ƙera sababbin sanduna don tsofaffin motoci.

Yaya sanda mai lotsawa take aiki? Maimakon ƙarfe guda, ƙarafa biyu ne, ɗaya a cikin ɗaya, kamar eriyar rediyo. Wasu 'yan ƙusoshin roba ne ke riƙe su a tsayin da ake so. A juyawa tare suke juyawa, babu wasa. Amma idan aka dake su ta tsaye da ƙarfi, sai ƙusoshin su tsinke, ɗaya ya shige cikin ɗaya. Bututun da ke lulluɓe da su ma an yi shi ya naɗe a hankali yana shanye ƙarfin bugun, maƙalar da ta riƙe shi a ƙarƙashin dashbod kuma tana saki ta gaba. Daga ƙasa akwai gaɓoɓi masu kuros da ke karya layin sandar, ta yadda idan gaban mota ya lotso, sai ta naɗe gefe maimakon ta taho kai tsaye.

A gareji

Na kai motar wurin wani dattijon bakanike da ya ƙware a Fijo tun yana yaro. Da ya zare tsohuwar sandar, ya kankare tsatsa da baƙin mai, sai ya kira ni ya nuna mini waldar nan ta 1974. Ta tsage fiye da rabi. Ya ce, "Alhaji, ka ga abin da mahaifinka ya yi ta riƙewa yana hawa kwalta. Ba ƙarfen nan ne ya tsare shi ba." Na ɗauki hoton na aika wa Yaya, bai ce komai ba.

Muka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa neman sanda daga cikin kayan Beljiyam. Mun samo ta wata ƙaramar motar Japan, mai taimakon lantarki, irin fasahar da Suzuki ya fara sanyawa a motarsa Cervo a 1988. A nan na koyi darasi na farko. Dattijon ya ƙi guda biyu da aka miƙo mana, ya ce sun riga sun lotsa a hatsari an ja su an miƙe, irin wannan kuwa ta yi aikinta sau ɗaya ta gama. Ya kuma ja kunnen yaransa cewa duk wanda ya ɗaga guduma ya daki kan sandar don zare gammo, to ya tsinke ƙusoshin robar nan, ya kama gabansa.

Darasi na biyu shi ne ba a walda a jikin sandar da ke juyawa. Zafin wuta na canza halin ƙarfe, tsagar kuma daga ciki take farawa inda ido ba ya gani. Haƙoran sabuwar sandar ba su dace da na rak ɗin Fijo ba, don haka aka kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya fitar da mahaɗi daidai awo, wanda ake ɗaurewa da noti mai matsewa. Kuros biyu aka sa, dattijon ya daidaita kunnuwansu su kalli juna yadda ya kamata, ya kuma kiyaye kada karkatar kowanne ta wuce digiri 30, in ba haka ba sitiyari zai riƙa yin tauri da laushi a zagaye guda. Sannan aka ƙera maƙala mai kauri a ƙarƙashin dashbod, domin ƙarfin motar lantarkin nan na iya yage tsohon kwano.

Sai aikin rewaya. Sitiyarin lantarki na da wata na'ura da ke jin ƙarfin hannun direba, da 'yar kwamfuta da ke umartar motar lantarki ta taimaka. Kwamfutar na son ta san gudun mota, don ta rage taimako idan an yi nisa a kan kwalta. Fijon 1970 ba ta da bakin da za ta gaya mata wannan, sai aka sa wani ɗan akwati mai maɓallin murɗawa wanda direba ke saita nauyin da kansa. Aka canza altaneta zuwa babba, aka ja waya mai kauri daga batir da fiyus nata na musamman. Na tambaya, to idan wutar ta ɗauke ana cikin tafiya fa? Aka nuna mini cewa ƙarfe na nan haɗe da ƙarfe, sitiyarin zai yi nauyi ne kawai, ba zai saki ba. Hannuwan sigina da fitila da waifa da suka zo da sandar kuwa siraran wayoyi gare su, ba za su ɗauki wutar manyan fitilu ba, don haka kowanne aka haɗa shi da rile.

Gammon da ya zo da sandar yana da jakar iska. Na so a bar ta, rewayan ya ce a'a. Jakar ba ta aiki sai da na'urorin jin karo da aka auna daidai da jikin motar da aka yi ta dominta. A cikin Fijo ko dai ta ƙi tashi ranar buƙata, ko ta tashi ranar da ba a neme ta ba. Muka sa gammo marar jaka. Abin da ya ce lallai in sa shi ne bel mai maɗauri uku, wanda Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya ƙirƙiro a 1959, wanda kuma hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta ɗaurawa a 2003. Sanda mai lotsawa da bel abokan aiki ne, ɗaya ba ya wadatarwa ba tare da ɗaya ba. Fanel bita ya ƙara faranti mai kauri a ginshiƙin ƙofa kafin a ɗaure shi. Muka kuma canza tukunyar man burki zuwa mai layi biyu, yadda idan bututu ɗaya ya fashe, ɗayan zai tsayar da mota.

Abin da muka rasa

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, akwai abin da ya tafi wanda ya yi mini ciwo. Liban giya na jikin sitiyari, wanda Baba ke sarrafawa da yatsu uku yana hira, ba shi da mazauni a sabuwar sandar. Na roƙi dattijon ya ƙera masa maƙala a gefe. Ya ce, "Alhaji, mun cire mashi ɗaya, kana so in dasa wani a kusa da shi?" Dole aka huda ƙasa, aka sa liba irin ta 504. Ke nan wurin zaman mutum na uku, inda ni na zauna tsakanin Baba da yaron mota shekara da shekaru, ya tafi.

Kuma kada wani ya ɗauka motar ta zama sabuwa. Jikinta na nan irin na da, ba a ƙera shi don ya shanye karo kamar na motocin yau ba. Na gaya wa ɗana cewa sitiyari ya yi laushi ba izinin gudu ba ne, iyakarta gona da kasuwar Dawanau, kuma ba ta tafiyar dare. Haka nan ina jan hankalin masu sayen motocin da aka shigo da su da sitiyarin dama aka juya a bakin titi, su sa a leƙa musu ƙarƙashin dashbod. Abin da aka yi wa motar Baba a 1974 don rashin kaya, har yau akwai masu yin sa don rage kuɗi.

Kammalawa

Bayan wata biyar motar ta fito, da fentinta ruwan toka irin na asali, da zakinta a goshi. Ranar da na kawo ta gida Yaya ya zagaya ta sau biyu, ya leƙa ciki, ya ce, "Ka cire hannun Baba." Na ce, "Yaya, ai Baba ne ya fara. Shi ya ɗauke sitiyari daga dama ya kai hagu da ya ga hanya ta canza, bai ce sai yadda Bature ya ƙera ba. Da ya ga tsagar nan da idonsa, kana jin zai kwana bai cire ta ba?" Ya yi shiru, can ya ce in ba shi tsohon gammon. Yanzu haka yana rataye a zaurensa, wurin da tafin hannun Baba ya side yana ƙyalli.

Hajiya ce ta fara shiga. Jikanta ya ɗaura mata bel, tana mita wai an ɗaure ta kamar akuyar kasuwa. Muka bi hanyar Ɗambatta a hankali. Da muka zo daidai kwalbatin nan sai ta ce a tsaya, ta yi wa ƙanenta da mijinta addu'a, muka shafa. Sannan ta dubi yaron ta ce, "To direba, mu je gida kafin magariba."